Makunnin Fanka a Gwiwar Surukina

Ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba yayana ya sayi tsohuwar motar da yake tasi da ita tsakanin Kawo da cikin gari. Da ita yake ci da matarsa da 'ya'yansa, da ita kuma yake ɗauke da mahaifiyarmu. Ni a lokacin ƙaramin akawu ne, wata uku da aure, kaina cike da 'yan littattafan soyayyar nan da ake bazawa a kan tabarma a bakin kasuwa. A cikinsu saurayi ba ya rasa mota, motar kuma ba ta taɓa zafi.

Ta Yaya kuwa zafi take yi. Akwai wani ɗan ƙarfe a jikin lagireto wanda aikinsa ya tayar da fanka idan ruwa ya ɗau zafi. Shi ne ya mutu, aka kewaye gari ba a samu irinsa ba. Wata Asabar na raka Yaya wajen wani mai gyaran wayar mota a Badarawa, Bakatsine, mai yawan tsokana. Ya ja waya daga batir, ya ratsa ta da fis, ya shigo da ita cikin mota zuwa wani ɗan makunni, ya sake fitar da wata zuwa fankar.

Da ya ɗauko abin huda allon gaba kusa da sitiyari, Yaya ya riƙe masa hannu.

"Kar ka ɓula mini mota. Ga rami can inda aka cire rediyo."

"Wancan ai gefen fasinja ne, maigida. Ƙasa-ƙasa ma, wajen gwiwa."

"To, ni hannuna guntu ne?"

"In ka ɗauko mai ƙiba fa?"

"Sai ya matsa, ko ya sauka."

Mai wayar ya yi dariya ya ɗaura shi a can. Ya ce in ana gudu a kan titi iska ta wadatar, a bar fankar ta huta, don ta tsufa, kuma tana shanye batir. Amma da zarar an shiga gosulo, ko allurar zafi ta wuce rabi, a ɗaga makunnin sama. "In ta kai ja ka bar ta, injin zai buga. Sai dai ka nemi jaki." Da na koma gida na kwashe labarin kaf na ba amaryata, har ina zana mata wayoyin a bayan wani littafi kamar ni na haɗa.

Bayan mako biyu surukina ya aiko cewa yana son zuwa Rigachikun duba ƙaninsa da ke kwance, kuma autarsa, wato matata, za ta raka shi. Na roƙi Yaya aron motar. Ya daɗe yana juya makullin a hannu kafin ya miƙo.

"Ka san makunnin?"

"Na sani, Yaya."

"Ba sani nake so ba. Ka tuna."

Ranar Talata ce, bayan azahar, ana tsakiyar zafin bazara. Na tsaya a ƙofar gidansu a Unguwar Dosa, inda matata ta riga ni zuwa, na durƙusa na gaida tsohon ina kallon ƙasa. Tun da aka ɗaura aure, maganar da ta taɓa haɗa ni da shi ba ta wuce gaisuwa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu: siriki ba ya haɗa ido da uban matarsa, ba ya ci a gabansa, balle ya sa shi aiki. Na yi niyyar ɗaga makunnin kafin kowa ya shiga. Sai matata ta fito cikin mayafi ruwan zuma, rana ta haska gefen fuskarta, na tsaya ina neman kalmomin da zan faɗa mata in mun koma gida. Kafin in dawo hayyacina, Baba ya zauna a gaba, ya tattaro babbar rigarsa ya tara a kan gwiwa. Makunnin ya ɓace a ƙarƙashinta.

Na ce a raina, titi ne, iska za ta isa. Na manta ranar kasuwar Kawo ce.

Tun kafin mu kai kwana muka tarar da motoci jere. Wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya da lodin doya, masu kura da masu awaki suna kutsawa ta ko'ina. Muna tafiya taku biyu mu tsaya. Ba gefen da zan ratse, gaba mota, baya mota, dama kwata. In na kashe injin kuwa, batirin ba lallai ya sake tayar da shi ba, sai turi, da surukina a ciki.

Allura ta wuce rabi.

Na saci kallon rigar. Tsakanin hannuna da makunnin bai fi kamu biyu ba, amma sai na cusa hannu ƙarƙashin rigarsa, na taɓa gwiwarsa. Na shirya magana a baki: Baba, don Allah a ɗan gyara. Na maimaita ta a zuci ya fi sau goma. Duk lokacin da na buɗe baki sai tari ya fito. Shi kuwa yana jan carbi, yana kallon wani mai sayar da rake.

Allura ta taɓa bakin ja. Wani wari ya fara tasowa, kamar an manta tukunya a wuta. Na ji injin yana ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙafata. Fuskar Yaya ta tsaya mini a gilashi, da yadda ya juya makullin nan, da yaransa da ke rugowa ƙofa duk yamma in sun ji ƙarar motar. Gumi ya jiƙa mini riga har sitiyari yana sulɓewa.

Na ɗaga ido ga madubi. Tana kallona. A gaban mahaifinta ita ma ba za ta yi mini magana ba. Na kalli allurar, na kalli gwiwar Baba, na sake kallon madubin. Ta ɗan leƙo ta kan kafaɗata, ta koma ta zauna. Wani siririn tururi ya fito ta gefen bonet.

"Baba," ta ce, "ɗaga rigarka kaɗan. Akwai wani ɗan abu wajen gwiwarka."

"Kunama?" Ya zabura.

"A'a, makunni ne. Tura shi sama. Motar ce za ta ƙone."

Ya yaye rigar, ya laluba, ya tura. Fankar ta ɗan yi jinkiri, sannan ta kama da ƙugi, har motar na rawa. Allurar ta tsaya cak a kan ja. Ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Muka ci gaba da rarrafe. Sai da muka wuce motar doyar na ga ta ja baya kamar faɗin zare.

Baba bai kalle ni ba. Ya juya wajen 'yarsa.

"Ke, tun yaushe yaron nan ya san da wannan?"

"Tun gida, Baba."

"Ikon Allah."

Bai ɗauke yatsansa daga makunnin ba har Rigachikun. Da muka hau titi sosai iska ta shigo, sai ya ce, "Tambaye shi, in kashe ne ko in bari?" Na ɗan gyaɗa kai a madubi. Ta ce ya kashe. A dawowa ma tun daga nesa da Kawo ya ɗaga shi da kansa, ba wanda ya tuna masa.

Da yamma na mayar wa Yaya motarsa. Ya buɗe bonet, ya shinshina, ya ga farin tabon da tafasasshen ruwa ya bari a bakin lagireto. Ya tayar da injin ya kasa kunne ya daɗe. Lafiya lau yake juyawa. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya dube ni, ya dubi allon gaban da ya hana a taɓa.

Washegari da sassafe muka koma Badarawa. Yaya ya nuna wa mai wayar wani wuri dab da sitiyari, ya kau da kai, ya ce, "Ɓula."