Madubin Likita Bisa Gammo

Na gan ta tsaye a tashar Maradi tana jiran kamiyo, babbar motar Tsibiri, ya cika, doguwa, da farar rigar likita bisa zanen atamfa. Ta ɗora wani akwatin katako bisa gammo, kamar mai tallan nono. Direba ya miƙo hannu zai jefa shi kan buhunan gyaɗa. Yatsa kawai ta kaɗa masa, wuyanta ko motsi bai yi ba.

Ban san sunanta ba. Ina jin tana cikin 'yan matan nan da Faransawa ke kaiwa Dakar karatu, waɗanda aka ce ba abin da za su dawo da shi sai takalmi mai tsini.

Wata tsohuwa da ke zaune bisa tabarma ta ce, "Ɗiyata, kayan wane Nasara kike kaiwa?"

"Madubin duba jini ne, Inna, kuma ni ke aiki da shi. Ungozoma biyu na jirana a Tsibiri, yau za su fara ganin ƙwayar cuta da idonsu."

Tsohuwa ta daɗe tana duban akwatin, sannan ta gusa ta ba ta wuri.

"Ki ce uku. Jikata Zuliha na lakwal, makarantar boko, gobe zan kawo miki ita."