Rabin Kitso

Duk macen da ta zauna a gaban Mai Kitso ta san ba kitso kaɗai za ta sha ba. Sai ta bari an tsaga gashi, kai ya shiga tsakanin gwiwoyinta ba halin tashi, sannan ta sunkuyo ta ce, "Kin je an duba miki bakin mahaifa kuwa?"

Shagon ɗan ɗaki ne mai tsagaggen madubi, da kujera 'yar tsuguno, da kibiya da mataji a cikin gwangwani. Da su biyu ne a ciki, ita da yayarta wadda ta koya mata sana'ar. Yaya ta daɗe da daina al'ada, sai jini ya dawo mata. Dariya suka yi ta sha. "Yaya ta koma budurwa, a nemo mata miji!" Da ciwo ya kai su asibiti, likita ta ce sankarar bakin mahaifa ce, ta riga ta yi nisa. Ta ce ko'ina a duniya haka take cinye mata, alhali ɗan gwaji na nuna ta tun ba ta zama komai ba. Yaya ba ta shekara ba.

Tun daga nan Mai Kitso ta ɗora wa kanta wannan naci. Wasu suka ƙaurace mata, wasu suka je gwajin don su huta da bakinta. Ita kanta fa ba ta taɓa zuwa ba. Tsoro take ji.

Wata malamar firamare na cikin waɗanda suka je, aka ga alamar, aka cire. Wata safiya ana tsakiyar yi mata kitso ta ce, "Anti, ke me suka ce miki da kika je?"

Kibiya ta tsaya cak. "Daina motsi, za ki karkata mini tsaga."

Malama ta zare kanta a hankali, ta miƙe, rabi a kitse rabi a tsefe, ta ɗaura ɗankwali. "Wallahi ba za ki ƙarasa ba sai mun je mun dawo."

"Da kai haka kamar an koro ki?"

"Haka zan shiga aji in ta kama."

A bencin asibiti Mai Kitso ta yi ta duban ƙofa. Sau biyu tana cewa ta bar shago a buɗe. Da ta yunƙura za ta tashi, ɗankwalinta ya zame, Malama ta ga gashin a cukurkuɗe, furfura ta keto, ba alamar tsaga.

"Anti, ke wa yake miki kitso?"

"Yaya ce take yi mini." Ta kai hannu ga ɗankwalin. "Ban iya zama gaban kowa ba."

Malama ta ciro mataji daga jaka, ta juyo da ita, ta fara warware gashin daga baki, kaɗan-kaɗan. Ba ta iya ba, tana ja da zafi. Mai Kitso ta rufe ido, hawaye na zuba, ba ta gyara mata ba.

Da nas ta leƙo ta yafito Mai Kitso, sai ta miƙe.

"Ki tsaya a nan fa," ta ce wa Malama. "Kar in fito in tarar ba kowa."