Gurbin Maganin Rana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, ina goge ƙafar wani tebur a shagona, matata ta kira ni ta ce Likita ta rasu bayan gajeriyar jinya. Ban tambaye ta wace likita ba. A gidanmu mutum ɗaya ake kira haka ba tare da ƙarin bayani ba.

Likita, ni ne kafintan nan, mahaifin Auta. Masana za su yi rubutu a kan bincikenki, kuma sun fi ni sanin darajarsa. Ni abin da na zo da shi daban ne. Shekara huɗu ina ɗauke da wata magana da ya kamata in faɗa miki a gaban idonki, na yi ta cewa sai gobe, har goben ta zo babu ke.

Auta tana da shekara bakwai muka kawo miki ita. Ba ta iya hawa matakala biyar sai ta tsuguna, leɓenta ya canza launi. An daɗe ana ba mu maganin asma. Ke ce kika ɗauki takarda kika zana mana huhu da jijiyoyinsa, kika ce jijiyoyin Auta sun matse, zuciyarta tana tura jini ta ƙofar da ba ta buɗe sosai ba. Kika gaya mana gaskiya cewa yawancin magungunan wannan ciwo a jikin manya aka gwada su, shi ya sa kike bin yara talatin da takwas sau da ƙafa, don a san awon da ya dace da ƙaramin jiki. Kika tambaye mu ko za mu yarda Auta ta shiga, kika ce ko mun ƙi, kulawarki gare ta ba za ta ragu ba. Muka yarda.

Yaran suna kiranki Anti Agogo, saboda agogon da kike ratayawa a wuya. A dogon barandan nan da ke bayan ofishinki kike ajiye kujeru biyu, yaro ya yi ta kai da kawowa tsakaninsu na minti shida, a auna nisan da ya iya. A bayan yaro kike tafiya, don kada ya bi saurinki ya wahalar da kansa. Ranar farko na ɗaga murya na ce, "Yi sauri mana, Auta!" Kika tsayar da agogo, kika nuna mini benci a waje kina murmushi, kika ce, "Baban Auta, ba tsere ake yi ba." Da na fahimci wannan maganar tun a ranar, da ban yi abin da na yi ba.

Maganin sau uku ne a rana, kuma akwai kati mai gurabe da ake sa alama duk lokacin da aka ba ta. Na safe da na yamma a hannun mahaifiyarta suke. Na rana nawa ne, tunda shagona yana kusa da makarantarsu. Da farko ina kai mata. Sai aiki ya yi yawa, ita kuma tana kukan maganin yana sa ta ciwon kai a aji, na ce a raina sau biyu ma ai ya isa. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Idan ranar zuwa asibiti ta yi, sai in cike guraben duka a zama ɗaya, da biro kala uku don kada a gane, in zubar da ragowar ƙwayoyin a kwata. Ni da na iya sa sabon katako ya yi kama da tsoho, kati ba zai gagare ni ba. Wata huɗu na yi a haka.

Tafiyar Auta a baranda ta fara raguwa. Na gan ki kina juya katin, kina sake lissafa nauyinta da awon maganin, kina zargin kanki. Kika tambaye ni, "Ba a taɓa tsallake ko ɗaya ba?" Na ce ko ɗaya. Sai kika ce tunda tana shan magani daidai kuma tana ja baya, dole a zura siririn bututu ta jijiyar cinyarta har zuciya a auna ƙarfin jinin, kuma sai an sa ta barci, abin da ke da hatsari ga yara irinta. Kika miƙo mini takardar amincewa. Kalma ɗaya daga bakina za ta iya sa ki dakata. Na dubi matata, na dubi ma'aikatanki, na ji kunyar a ce ni maƙaryaci ne, na sa hannu.

Auta ta farfaɗo da ƙyar. Kwana biyu tana kan iskar taimakon numfashi, ke kuma kina zarya a bakin gadonta kamar ke kika haife ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A rana ta uku, da nas ta kawo maganin rana, Auta ta dube ki ta ce, "Anti, a nan sau uku ake sha? A gida sau biyu ne."

Ina tsaye a wurin. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ki dube ni ba sai da kika gama gyara mata matashi, sannan kika kira ni ofis kika rufe ƙofa. Na jira faɗa, kuma na cancanci wanda ya fi faɗa. Abin da kika ce kawai shi ne, "Katin nan ba jarrabawa ba ne. In ba ta sha ba, ka bar gurbin haka. Gurbin da babu komai yana gaya mini gaskiya, da shi nake aiki." Daga nan kika tambaye ni ƙarfe nawa aiki yake yi mini yawa, kika nemi malamar ajinsu ta riƙa ba ta na rana, kika rage ciwon kan da wata dabara. Matata daga bakina ta ji, ba daga naki ba.

Daga baya na ji cewa dole kika cire awon Auta na wata huɗun nan daga binciken, kika rubuta wa masu sa ido dalili, kuma a cikin yara talatin da takwas wannan ba ƙaramar asara ba ce. Kika sauya katin gaba ɗaya, kika sa a rubuta a samansa cewa mantuwa ba laifi ba ce. Iyaye da yawa sun yaba da wannan layin a gabana, ba su san a kan wa aka rubuta shi ba.

Ni kuwa tun daga ranar na daina shiga. Sai in kawo Auta da mahaifiyarta bakin ƙofar asibiti in ce ina da aiki. Duk zuwa sai kin aiko Auta ta gaishe ni. Sau ɗaya kika aiko cewa kujerun baranda sun yi laushi, ko zan duba su. Na san ba kujeru kike nema ba, hanya kike buɗe mini. Na ƙera sababbi biyu na aika da su, ni ban je ba. Ban taɓa ce miki ki yafe mini ba, ban kuma taɓa yi miki godiya da bakina ba.

Auta yanzu shekararta goma sha ɗaya, tana hawa benen makarantarsu ba ta tsayawa. Ranar da aka kai ki makwancinki, muna can wurin gaisuwa har da Auta, maganin rana ya wuce mu duka. Da muka dawo gida na ɗauko katin da biro, na daɗe ina kallonsa, na mayar da biron aljihu. Gurbin yana nan babu komai, kuma ni da kaina zan kai wa abokan aikinki shi ranar Litinin.

Allah Ya jiƙan ki, Likita, Ya yafe miki kurakuranki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini. Ya sanya kowane numfashin yaran nan a ma'aunin ladanki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki biyu da mahaifiyarki, da ma'aikatan da kika bari da sauran aikin. Allah Ya ba ku haƙuri. Idan kun samu sarari a zukatanku, ku karɓi neman afuwar da ban kai mata ba.