Irin da Rabe Ya Ce Yana Barci a Kaina

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Rabe, kuma kusan tun lokacin nake ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal, wato firamare, ba, shi kuwa ya kai inda ake ce masa dokta. Tsorona kada in karkata maganarsa in jawo masa dariya yana kabari. In an ga kuskure a nan, nawa ne.

Ni manomin albasa ne a gefen Galmi. Rabe ya bi karatu zuwa Yamai, daga nan ƙasar Turai, inda ya yi shekaru yana binciken ƙwaƙwalwar ɓeraye. Mutanen garinmu sun sha dariyar abin: mu muna farautar ɓera a rumbu, shi an ba shi ɗaki yana kiwon su.

Wata shekara ya zo hutu ya tarar ina gwajin iri. Haka muke yi kafin shuka: a zuba ƴan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma a naɗe, bayan kwanaki a buɗe a ga waɗanda suka tsiro. Ni kuwa sau biyar nake buɗewa a wuni. Ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Yaya, iri ba shi tsira da kallo. Kai ko ruwa anka yi sai ka damu da wa za shi shanya ƙasa."

A wurin ya yi mini bayanin aikinsa. Ya ce can cikin ƙwaƙwalwa, wajen da ake ajiye tunawa, akwai wasu ƙwayoyi da ke kwance kamar iri a kwalba, jefi-jefi su farka su haifi sababbi. Idan mutum ya shiga damuwa, wani ɗan nama da ke bisa ƙoda yakan saki sinadari cikin jini. Kowace ƙwaya tana da kwaɗon da wannan sinadari ne mabuɗinsa, in ya shiga sai ya ce mata ta dakata. Na ɗan lokaci ba laifi, har amfani gare shi. Amma in kullum ne, sai tsiro ya ragu.

Na tambaye shi, in damuwar ta daɗe, irin nan mutuwa yake ko barci? Ya ce a ɓera, in an kawar masa da abin tsoro aka ba shi wurin gudu, yakan farfaɗo. A mutum kuwa masana na gardama, har kan yawan irin da babba yake da shi. "In munka gano, kai za ni fara gaya ma," in ji shi.

Daga baya ya dawo Yamai yana koyarwa. Zuwansa na ƙarshe lokacin dashe ne. Na ga ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na tambaya, ya yi dariya ya ce, "Gajiya ce, Yaya. Ka ji tausayin irinka." An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar ta gaya mini. Amma a karon farko a rayuwata na bi shawararsa, na ajiye damuwa na koma gona. Ban bi shi Yamai ba. Kafin mu cire albasa aka bugo waya. A wurin zaman makoki matarsa ta shaida mini ya daɗe da sanin ciwonsa, ya kuma hana kowa ya gaya mini.

Na damu da abubuwa dubu da ba su faru ba. Guda ɗaya da na saki shi ne na gaskiya.

Nakan yi tunanin me zai ce da zamanin nan, da kowa ke riƙe da waya tana zuba masa mugun labari tun daga asuba, direbobin da ke ɗaukar albasarmu kuma ba su san yadda za su tarar da iyaka a Konni ba. Ina jin zai ce mabuɗin nan ya kwana cikin kwaɗo a kawunanmu duka, sannan ya nemi a dama masa fura.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Littattafansa na cikin akwati, da harshen da ba na karantawa. Abin da ya rage mini shi ne maganarsa, kuma ita ce ta fara zamewa. Fuskarsa tana hoto, amma muryarsa bana sai na yi ta lalube kafin in ji ta. Irin albasa in ya wuce shekara biyu ba a dogara da shi, ni kuwa shekara bakwai ke nan ban huta ba.

Matambayi ba ya ɓata. Ina roƙon duk wanda ya yi karatu ko aiki da Rabe, ko likitan da ya san inda binciken nan ya kwana, ya rubuto ta wannan jarida da Hausa mai sauƙi: irin da ke kan mutum, bayan doguwar damuwa, yana sake tsirowa? In kuma wani yana da muryar Rabe a tsohuwar waya, ko gaisuwa ce kawai, ya taimaka ya aiko mini.