Kibiyar da Ke Hauka Lokacin Azahar

"Ni dai abin da na sani, jiya da safe ina da rai," in ji Alhaji Tamada. "Bayan Azahar sai ga ni cikin matattu, tsakanin marigayi Ɗan'iya da marigayi Audu Mai Koma. Ke ɗiyata, kin taɓa ganin wanda ya mutu shina zaune shina cin gyaɗa?"

Rakiya ta ce ba ta taɓa gani ba. Ta danne dariyarta, ta jawo laftof ɗin gabanta.

Ofishin ƙungiyar masunta da masu jiragen ruwa ɗaki ɗaya ne a bakin ruwan Yelwa, da tebur, da benci biyu, da tarin koma a lungu. Alhaji Tamada shi ne shugaba. Sakatarensa, Malam Hammadu, dogon mutum mai tabarau da gemu har ƙirji, yana tsaye gefe kamar wanda aka kawo shaida a kotu. Makonni biyu ke nan yana shigar da sunayen 'yan ƙungiya daga Yelwa, Shanga da Wara, domin rabon rigunan ceto da aka yi musu alkawari. Masu rai suna sama, waɗanda suka rasu kuma suna ƙasa, don a san wa za a cire. A cikin makonnin nan kibiyar kwamfutar ta fara yawo da kanta, tana ɗaukar suna daga nan ta jefa can. Jiya ta ɗauki shugaba.

Alhaji ya ce haƙurinsa ya ƙare. In La'asar ta yi ba a gano ciwon ba, gobe Hammadu zai hau mota ya kai na'urar Kontagora a wanke ta, a mayar mata da Windows irin na kowa. Shi kuma zai faɗa wa mutane gaskiya game da wannan abu da Rakiya ke zuba musu a kwamfuta.

Wannan ne ya tsaya mata a rai. A Yelwa, abin da Alhaji Tamada ya faɗa a bakin ruwa da hantsi, kafin Magariba masu kifi sun sauke shi a Shanga.

Rakiya ɗiyar mai gyaran koma ce. Ta girma tana kallon mahaifinta yana bin raga ido bayan ido har ya samo inda ta ɓarke, Inna kuwa tana gefe tana bandar kifi. Bayan ta gama difloma ta yi shekara biyu tana buga takardu a shagon wani, inda ta gaji wata tsohuwar laftof da ke ɗaukar tsawon shan shayi kafin ta buɗe. Wata 'yar bautar ƙasa ce ta ba ta filas mai ɗauke da Linux, wani tsari da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ta ce ta gwada. Ta gwada, tsohuwa ta miƙe kamar an ba ta kunu. Daga nan ta kafa teburinta kusa da masu cajin waya a tasha, ta shiga tayar da matattun kwamfutoci. Hedimastoci, mai kemis, wani mai ɗaukar hoto, duk ita ta zuba musu. Sun haura ashirin.

Mutanen gari suna ce masa tsarin Rakiya, kamar a ɗakin Inna ta dafa shi. Ta gaji da bayanin cewa dubban mutane ne a faɗin duniya suka haɗu suka rubuta shi suka bayar kyauta. Bayanin ma ƙara ɓata lamarin yake yi, domin a Yelwa duk abin da aka ce kyauta ne sai an shinshina shi.

Yawancin aikinta kuwa ba ya wuce maus da tocfad, ɗan faifan nan da ake shafawa da yatsa a ƙasan madannai. Wani ya zo ya ce maus ɗinsa ya mutu, ta je ta tarar a kan teburin gilashi yake jan sa. Wani ya ce kibiya tana gudu kamar ɗan kabu-kabu da ya hango kwastan, ta shiga saiti ta rage mata sauri. Wata malama ta rantse rubutunta yana tsalle, ashe tafin hannunta ne ke kwanciya a kan faifan tana bugawa. Rakiya takan ce rabin sana'arta kallon hannun mutane ne, ɗaya rabin kuma neman yadda za ta faɗa musu ba tare da sun yi fushi ba.

Amma na ƙungiyar masunta ya gagare ta. Ranar Litinin ta canja caja, don ta san caja marar kyau na sa kibiya rawar sanyi. Ranar Talata ta kwance bayan na'urar ta duba ko batir ya kumbura yana tura faifan daga ƙasa. Lafiyarsa lau, sai dai ta tsinci wata 'yar takarda a naɗe da zare a maƙale kusa da shi, wadda babu wanda ya yarda shi ya sa. Kuma duk lokacin da ta zo da safe, kwamfutar takan natsu kamar saurayi a gaban surukai.

Su 'yan ofis sun riga sun gama bincikensu. Sun lura ɓarnar ba ta faruwa sai an kira sallar Azahar. Malam Hammadu ya ce shi ba zai ce aljani ba ne, ba zai kuma ce ba shi ba ne. Alhaji ya ce ba sai an kai ga aljani ba, abin da waɗanda ba su salla suka ƙera dole ya ji kiran salla ya firgita.

"Baba Alhaji," in ji Rakiya, "injin jirginka limamin wane masallaci ya ƙera shi?"

Alhaji ya ce ta bar kawo injinsa cikin maganar, injin dai bai taɓa kashe kowa a takarda ba.

Don haka yau ta ƙudura ba za ta motsa ba. Ta raba allon biyu, jerin sunaye a dama, a hagu kuma baƙin allon da ake ba Linux umarni. Ta buga umarnin libinput wanda ke sa na'urar ta rubuta layi duk lokacin da wani abu ya taɓa faifan, ko da ƙuda ne mai nauyi. Ta shafa da yatsa, layuka suka zubo. Ta ɗage, suka tsaya. Alhaji ya leƙo ya ce wa Hammadu, ga shi nan, tana yi wa abin magana da yarensu.

Ta bar Malam Hammadu ya ci gaba da aikinsa, ta koma kan tarin koma ta zauna. Awa uku tana kallon hannunsa. Mutumin yana buga madannai da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, bai kuma yi kuskure ko ɗaya ba. Har ta fara lissafa wa cikin mutum ashirin ɗin nan zai fara sallamo mata da kwamfutarsa a hannu.

Aka kira salla. Maza suka miƙe gaba ɗaya suka nufi famfon da ke bakin ƙofa, kamar yadda suke yi kullum, shi ya sa ba a taɓa samun wanda ya rage a ɗakin a wannan lokacin ba. Rakiya ta ce ita za ta yi tata a rumfar Inna. Ɗaki ya yi tsit. Baƙin allo bai rubuta komai ba. Ladan ya kai ƙarshe, kibiya tana nan inda aka bar ta.

Sai ga Malam Hammadu ya faɗo da sauri, hannun riga a naɗe, ba tabarau, ya ma manta Rakiya tana zaune a lungu. Hannayensa biyu suna bayansa, a riƙe, don kada ya taɓa na'urar da jiƙaƙƙen hannu. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allo yana neman inda ya tsaya. Gemunsa, wanda ya sha ruwan alwala ya ƙoshi, ya rataya daidai saman faifan.

Ɗigo ɗaya ya sauka, na biyu ya biyo shi. Layuka suka ɓarke a baƙin allo kamar an buɗe dam. Kibiya ta zabura, ta cafki wani suna daga ƙasa, ta ja shi sama ta yar. Malam bai ga komai ba. Ya ɗauki biro biyu daga kan tebur, ya danna madannan ajiyewa da gindinsu, cikin tsanaki, sannan ya fice yana gyara hula. Kafin a sallame salla zafin na'urar ya shanye ruwan, ba ko alama.

Rakiya ta daɗe tana kallon wurin. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ita ta koya masa. Ranar da ta kawo kwamfutar, dokoki biyu ta nanata masa: kada ya tashi bai ajiye aikinsa ba, kada kuma ya taɓa ta da hannu a jiƙe. Mutumin ya riƙe su kamar farilla. Sai dai ta farkon ba ya tuna ta sai yana tsakiyar wanke ƙafa.

Da suka dawo, ta juya musu allon. Marigayi Audu Mai Koma ya tashi, yana lamba ta tara cikin masu rai, yana jiran rigar ceto. Alhaji ya ce to, ga shi ta gani da idonta, jiya an kashe shi, yau an tayar da Audu, saura a aurar da wani.

Rakiya ta matso kusa da tebur. Ta huda ledar ruwan da ke jakarta, ta ɗiga sau biyu a kan faifan, ta ɗaga hannayenta sama don kowa ya gani. Kibiya ta hau rawa. Ta goge da gefen mayafinta, kibiya ta tsaya. Ta yi musu bayani cewa faifan ba nauyi yake ji ba, wutar jikin mutum yake ji, ruwa kuma yana ruɗa shi ya zaci yatsa ne. Tun da an saita shi ya ɗauki ɗan taɓi a matsayin dannawa, ɗigo biyu sun ishe shi ɗaukar mutum ya kai lahira.

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano. Ya ce wata huɗu ba a yi ruwa ba, daga ina ruwa zai zo?

Rakiya ta dubi ƙasa. Ta dubi koma. Ta dubi ko'ina ban da wuri ɗaya. A hankali hannun Malam Hammadu ya tashi, ya kama gemunsa, ya matsa. Da ya buɗe tafin, da sauran danshi.

"Hammadu," in ji Alhaji, "shekara talatin muna tare. Ashe gemunka ne ya kashe ni."

Rakiya ta yi sauri ta ce laifin nata ne, ita ta ce ya riƙa ajiyewa kafin ya tashi. Ba wanda ya saurare ta. Alhaji ya kawo shawarar a kira wanzami. Malam Hammadu ya ce ya fi sauƙi ya ajiye sakatarci. Ta ce to ko ɗan tawul, ya goge kafin ya shigo. Ya dube ta kamar ta ce ya sayar da gonar gado, ya ce tun yana yaro malaminsa ya hore shi da barin ruwan alwala ya bushe da kansa, ba kuma kwamfuta ce za ta canja masa ba.

Ta ga gyaran mutum ba zai yiwu ba, sai ta koma kan na'ura. Ta kashe dannawar taɓi. Ta ciro wani maus mai waya daga jakarta ta jona, ta ɗora shi a kan bangon tsohuwar rajista saboda teburin yana da sheƙi. Sannan ta buga umarni ɗaya da ke sa faifan ya yi barci muddin maus yana jone. Ta mayar da Audu Mai Koma makwancinsa, ta dawo da Alhaji saman jerin masu rai, ta nuna wa Malam yadda zai riƙe maus ɗin ba tare da ya shaƙe shi ba. Ta ce madannai ma ba sa son ruwa, in ya dawo ajiyewa ya tsaya tsaye, ya sa tabaraunsa.

Alhaji ya ce bai yarda ba sai an gwada. Ya ce Hammadu ya je ya sake alwala.

Malam ya ce alwalarsa ba ta karye ba.

"Ka sake, lada ce," in ji Alhaji.

Ya je ya sake. Ya dawo ya sunkuya a gaban shugaba da wasu masunta uku da suka ji hayaniya suka shigo, gemu yana ɗiga kamar indararo. Kibiya ko gezau. Alhaji ya sa aka nemo masa sunansa, ya gan shi a lamba ta ɗaya, ya sa yatsa ya dangwala allon don ya tabbatar. Bai ce an fasa zuwa Kontagora ba. Ya dai ɗauki sandarsa ya nufi bakin ruwa, tun kafin ya kai Rakiya ta jiyo muryarsa yana kiran wani ya zo ya ji abin da gemu ya yi.

Ta ce wa Malam Hammadu ya yi haƙuri. Ya ce ba komai, dama tun auren fari ake magana a kan gemun nan, bai taɓa kashe shugaba ba ne sai bana. Ya tambaye ta ko za ta iya mayar masa da 'yar takardar da ta cire ranar Talata.

Wayarta ta yi ƙara. Grace ce, ma'aikaciyar jinya daga Birnin Yauri, tana cewa tun jiya in ta ja shafi ƙasa sai ya tafi sama, ta kusa jefa kwamfutar a rijiya. Rakiya ta ce kada ta jefa, saiti ɗaya ne aka juya, tana nan zuwa. Ta ajiye wa Malam takardarsa a kan tebur, ta rataya jaka, ta bi ta rumfar Inna don ta yi Azahar kafin ta nemi kabu-kabu.