Zobban da Kawu Ya Cire Mini

Tun jiya da jikana ya shigo sanye da agogo mai walƙiya na kasa zama wuri ɗaya, Kawu ne a raina.

Zamanin kuɗin mai na dawo Kazaure daga Legas, zobba cike da yatsu. Ni da Kawu za mu Roni gaida iyayen yarinyar da nake nema, Fulani masu kunya, ba su amsa ba tukuna. A zaure Kawu ya kama hannuna, yana ƙanshin goro, ya zare zobban.

"Ɗana, surukai za mu gani, ba kanti za mu buɗe ba. Hularka ta isa."

Suka ba ni ita.

Na ga masu ado har Alƙahira, ban ga wanda farar riga ta karɓa kamar Kawu ba. Allah Ya suturta shi yadda ya suturta ni.