Ranar da na gasa ƙirjin jikana

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na ɗora tawul mai zafi a ƙirjin jikana ba.

Yaron ɗan 'yata ne, a ɗakina ya girma a nan Zongo. Yana shiga shekara goma sha huɗu ƙirjinsa ya fara lotsawa ciki kamar kwano. Ko tsallaka titi ya yi da sauri sai haki. Likitoci suka yi masa aiki, suka sa wani ƙarfe ta ƙarƙashin ƙashin don ya turo shi waje. Da aka sallame shi, uwarsa ta kawo min shi jinya, domin ita tana da rumfa a kasuwar Saint-Michel.

"Inna, likita ya ce kada a danna wurin, kada a taɓa," in ji ta.

Na ce na ji. A raina kuwa cewa nake, ni da na yi wa rabin matan unguwar nan wankan jego, yarinya za ta koya min ciwo?

Kwana na biyar yana ta nishi. Na tafasa ruwa, na ɗauko man shanu.

"Tsohuwa, so kike ki kashe mijinki ki auri wani?" ya ce, yana murmushin ƙarfin hali.

"Kwanta, rago! Wa zai zauna da miji mai raki?"

Na danna sau uku. A na huɗu ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, leɓɓansa suka yi baƙi. Ƙarfen ya goce, ya taɓa huhu. Sai da aka sake buɗe shi, wurin ya yi ruwa, ya yi wata biyu a gadon asibiti.

Da likita ya tambayi abin da ya faru, yaron ya ce faɗuwa ya yi a banɗaki. Ina tsaye, na yi shiru. Wannan shirun ya fi dannar ci min rai.

Uwarsa ta gane da kanta. Ba ta ɗaga min murya ba, ta kwashe shi da kayansa zuwa gidanta a unguwar Avotrou. Gada ɗaya ce tsakaninmu, amma sai da Salla nake ganinsa. Ya zama saurayi, ya warke, sai dai bai iya ɗaukar nauyi. Duk zemijan, babur ɗin haya, da ya tsaya a ƙofa sai na leƙa ko shi ne.

Na koyi cewa sabo da aiki ba sanin kowane ciwo ba ne. Kuma wanda ya rufa maka asiri, kada ka bar shi ya ɗauki laifinka shi kaɗai. Bana, in Allah ya kai mu, ni zan tsallaka gadar.